Neman shawara: salon rubutu mai kama da na hannu a sitikar yajina

Mai_Yajin_Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar dizain da buga kati ku taimaka min da shawara, abin nan ya kwana biyu yana cina a rai.

Ina ɗan sana'ar yaji a gida, yajin ƙuli da na daddawa da na tafarnuwa, shekara ta uku kenan da farawa. Da a leda nake ƙullawa, to yanzu Alhamdulillah abin ya ɗan motsa har masu shago suna karɓa, sai na koma zubawa a ƙananan robobi masu murfi, shi ne nake son in yi sitika ta kirki. Abin da nake so shi ne rubutun ya fito kamar mutum ne ya ɗau alƙalami ya rubuta da hannunsa, saboda yajin nan a turmi ake daka shi, ni nake soya ƙulin da kaina, bana son sitikar ta yi kama da ta maganin asibiti ko ta kayan kamfani, ina son duk wanda ya ɗauka ya ji a ransa cewa na gida ne.

Na je wani shagon kwamfuta a unguwarmu na yi wa yaron bayani, ya zaɓo min wani rubutu wai shi Comic Sans, ni dai da na gani a kwamfutar ya min kyau gaskiya, haruffan a zagaye ba tsauri. Amma da aka buga gwaji sai na ga matsala biyu. Ta farko sunan da na sa shi ne Ɗanɗanon Gida, a ƙasa kuma Yajin Ƙuli, to duk inda ɗ da ƙ suke sai suka fito daban da sauran, sirara tsaye ƙyam kamar an aro su daga wata takardar, sauran haruffan kuwa masu kauri. Yaron ya ce wai haka kwamfuta take yi, in ina so kawai a sa d da k a wuce wajen. Ni kuma raina bai kwanta ba, Dandanon Gida ba shi ne sunan da na sa ba. Ta biyu ƙanina da ya gani ya yi ta dariya wai wannan rubutun na 'yan nazare ne, wai duk duniya an daina amfani da shi, ba wanda zai ɗauki kayana da daraja.

To tambayata, da gaske ne rubutun nan yana da wani aibu? Kuma akwai wani mai kama da rubutun hannu da zai fito da ɗ da ƙ daidai? Guda ɗari biyar nake son bugawa, bana son in zuba kuɗi in dawo ina da na sani. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Mai_Buga_Kati

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Wannan aikina ne, na fi shekara goma ina kan manhajar zane ta CorelDraw daga katin biki zuwa sitikar zobo da banar talla, kuma abin da ya same ki kusan kullum sai an zo min da irinsa.

Ba kwamfuta ce ta ga dama ba, kowane salon rubutu fayil ne da wani mutum ya zauna ya zana haruffan ciki ɗaya bayan ɗaya, in bai zana ƙ ba to babu ita a ciki, shi kenan. Da kwamfuta ta nema ta rasa sai ta je ta aro daga wani salon da yake da ita, shi ya sa kika ga sun fito sirara kamar baƙi a cikin 'yan gida. Wani lokacin ma ba ta arowa, akwati kawai za ki gani a wajen, na taɓa ganin katin ɗaurin aure da aka buga ɗaruruwa an rubuta ranar da wurin komai daidai amma kalmar ɗaurin ta fito da ɗan murabba'i a farko, ba wanda ya lura sai da aka fara rabawa. Comic Sans ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, kuma yawancin masu kama da rubutun hannun da ake saukewa kyauta a intanet haka suke, wanda ya zana Turancinsa kawai ya sani, wani ya ƙara na Faransanci da Jamusanci ya tsaya nan.

Kar ki yarda a mayar miki d da k. Mu muka saba wa kanmu da haka a waya har muke gani ba komai ba ne, amma baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, kuma sitika abu ne da zai zauna a shagon mutane wata da watanni da sunanki a jiki.

Ga yadda nake yi in kwastoma ya nace sai wani salon da babu ƙugiya a ciki. Sai in rubuta kalmar da k da d na yau da kullum, in danna Ctrl+Q rubutun ya koma zane, daga nan in rubuta f na wannan salon ɗin dai a gefe, in yanke kanta wajen da ta lanƙwasa, in ɗora a saman sandar k ko d ko b in haɗe su. Tunda ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ duk dama take lanƙwasawa kamar kan f, kuma kaurin layin ɗaya ne tunda gida ɗaya suka fito, in aka yi a nutse wlh ba mai gane cewa ɗori ne. Manyan baƙaƙen ne suke ɗan ba da aiki, Ɗ da Ɓ ƙugiyarsu ta hagu take a sama, Ƙ kuma a hannunta na sama na dama, waɗannan da hannu nake ja. Aikin minti goma ne ga wanda ya iya, ki ce wa yaron ya gwada, in bai iya ba ki canza shago. Amma fa wannan na suna ne, kalma biyu uku, ba wanda zai zauna ya yi wa sakin layi guda haka.

Sai abin da ya fi wannan muhimmanci a wajena. Rubutun hannu na suna ne kawai da ɗan kirarin da ke ƙasansa. Lambar waya, lambar akawun, kayan haɗi, ranar da aka yi da ranar da zai lalace, lambar NAFDAC in kin yi rajista, duk waɗannan ki sa su a rubutu miƙaƙƙe irin Arial. Dalili kuwa a irin salon nan 1 da 7 suna kama, 0 da 6 suna kama in an ƙanƙanta su, 4 da 9 ma haka, lamba goma sha ɗaya ce a waya in ɗaya ta rikice ciniki ya tafi gidan wani. Kuma robar yaji ƙarama ce, ga maiƙon ƙuli yana taɓa takarda, siririn layi shi yake fara ɓacewa. In za ki sa farin rubutu a kan ja, wanda na san shi masu yaji suke so, to ki zaɓi mai kauri don tawada tana ɗan cin gefen farin, siriri sai ya toshe. Sannan dan Allah kar a rubuta da manyan baƙaƙe zalla, musamman irin masu haɗe-haɗen nan kamar Brush Script da Lucida Handwriting da Segoe Script, manyansu an zana su ne don su zo a farkon kalma kawai, in aka jera su sai su zama kamar ƙaya ba mai iya karantawa, ina ganin haka a katin biki abin yana min ciwo, sunan amarya ma sai ka tambaya.

Kafin ɗari biyar ɗin ki sa a buga miki shafi ɗaya a ainihin girman, ki yanka ki manna a roba ki ajiye a kan kanta ki ja baya taku uku ki karanta. A fuskar kwamfuta komai kyau yake yi.

Dalibin_Kwamfuta

Anti sannu da ƙoƙari. Oga ya gama magana a kan bugu, ni bari in amsa ɗaya tambayar, ta ko rubutun yana da aibu, don ƙaninki ba shi ya fara faɗa ba, tsohuwar rigima ce a wajen Turawa.

Wani ma'aikacin Microsoft mai suna Vincent Connare ne ya zana Comic Sans a 1994. A lokacin kamfanin yana haɗa wata manhaja ta masu koyon kwamfuta mai suna Microsoft Bob, a ciki akwai zanen kare da yake yi wa mutum bayani, to maganar karen sai aka rubuta ta da Times New Roman, wato rubutun jarida da takardun ofis. Shi Connare ya ga abin bai dace ba, zanen wasa da rubutun kotu, sai ya duba yadda ake rubuta maganar mutane a littattafan labari masu zane ya zana nasa a kan wannan tsarin. Bai ma samu shiga Bob ɗin ba, sai daga baya ya shigo ta zamanin Windows 95, daga nan kusan duk kwamfutar da aka saya yana ciki. Wannan shi ne asalin matsalar, mutum ya buɗe jerin rubutu duk masu ɗaure fuska ne sai guda ɗaya mai fara'a, sai kowa ya dinga ɗaukarsa a komai, takardar asibiti, gargaɗin haɗari, sanarwar rasuwa, har allon kabari. Wasu masu dizain miji da mata a Amurka, Dave da Holly Combs, har kamfen suka yi na a haramta shi. A 2010 da LeBron James ya bar ƙungiyar kwando ta Cleveland, mai ƙungiyar Dan Gilbert ya rubuta wasiƙar fushi da shi, mutane suka bar zancen wasiƙar suka koma zancen rubutun. A ranar 4 ga Yuli 2012 ma da cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta sanar da gano ƙwayar zarra ta Higgs, masaniyar kimiyya Fabiola Gianotti da shi ta yi bayananta a allo, aka yi ta surutu, kuma hakan bai hana ta zama shugabar cibiyar daga baya ba.

Kin ga kenan laifin na wurin da ake sa shi ne. A robar yaji ba wanda ya ci zarafi. Amma zan faɗi inda na yarda da ƙaninki, rubutun ya yi yawa a gari, makarantun nazare da katin bazday duk shi ne, in kika sa shi sitikarki ba za ta fita daban ba, kuma kamannin da yake yi da hannun yaro ne mai koyon rubutu ba hannun babbar mace mai sana'a ba. Akwai wanda aka gyara mai suna Comic Neue, wani ɗan Ostareliya Craig Rozynski ya fitar a 2014, ya fi shi tsafta amma jinin ɗaya ne.

In kina son ki ga wasu ki shiga Google Fonts, shafin intanet na salon rubutu, ko a wayarki ma, akwai rukunin masu kama da rubutun hannu, Caveat da Patrick Hand da Kalam da Indie Flower da Shantell Sans da Playpen Sans da sauransu da yawa, kuma akwai wajen da za ki rubuta kalmarki ki ga yadda za ta fito a kowanne. Ki rubuta wannan a wajen: Ɗanɗano Ƙuli ɓawo ƙamshi Ɓ. Ki zuba ido a kan masu ƙugiyar, duk wanda suka fito da kauri ɗaya da karkata ɗaya da 'yan uwansu to yana da su, wanda suka canza kama ki wuce shi komai kyansa. Amfanin na can kuma lasisinsu a buɗe yake, ya halatta ki yi kasuwanci da su, saɓanin da yawa daga na shafukan saukewa kyauta da ake rubuta cewa na amfanin kai ne kawai banda sana'a, mutanenmu ba sa karanta wajen amma haƙƙin wani ne.

Wani abu da za ki lura da shi, sunanki yana da ɗ biyu, a uku, n ma uku. Hannun mutum ba ya rubuta a biyu iri ɗaya sak, amma salon kwamfuta mai araha zai maimaita miki ita kamar hatimi, ido yana ganewa ko da mutum bai san me ya gane ba. Masu kyan ana zana wa kowane harafi kama fiye da ɗaya suna sauyawa da kansu, Caveat yana yi, Playpen Sans har kama bakwai kowane harafi yake da shi.

Malama_Damagaram

Salamu alaikum, ina gaida kowa. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Damagaram, ƙananan aji nake riƙewa, kuma ban ji daɗin yadda ake cewa rubutun 'yan nazare kamar abin kunya ne ba. Ku tambayi duk mai koyar da yara dalilin da ya sa muke son shi. Ku dubi a ɗin da ke cikin Times New Roman ko Arial, tana da wata rumfa a sama, g ɗin Times kuwa kamar tabarau, ba yaron da ake koya ma rubuta su haka. A allo da alli da'ira muke yi mu ja sanda, a kenan, kuma haka take a Comic Sans. Yaro ɗan shekara shida in ya ga harafi a takarda daban da wanda na rubuta mishi a allo tsayawa yake yi, na sha ganin yaro ya ɗora yatsa a kan a mai rumfa ya ɗago kai yana kallona, bai san ita ba ce. Har ƙungiyar masu lura da matsalar karatu ta dislekisiya a Birtaniya ta sa shi cikin rubutun da take ba da shawara a yi amfani da su, tare da Arial. To abin yana da amfaninshi.

Amma matsalar ƙugiyar nan mu ta fi damunmu ma, don mu a Nijar harafi huɗu ne, bayan ɓ ɗ ƙ muna da ƴ, inda ku kuke rubuta 'ya'ya mu ƴaƴa muke rubutawa. Shekarun baya in na buga ma yara takardar karatu da Hausa sai in bi da bik, wato biro, ina ƙara ƙugiya ɗaya ɗaya kafin a kai fotokwafi, aji mai yara sama da sittin ku lissafa. Wani abokin aiki ne ya nuna min Andika, salon rubutu ne da ƙungiyar SIL mai aikin harsuna ta yi shi musamman don masu koyon karatu, sunan ma da Swahili yana nufin rubuta. Kyauta ne, yana da dukan haruffanmu manya da ƙanana, a da g ɗinshi irin na allo ne, kuma an bambanta l ƙarama da I babba da lamba 1 yadda ba za su rikice ba. Ba rubutun hannu ba ne sosai, ba ya karkacewa ba ya rawa, amma yana da taushi a ido. Hajiya ina ganin shi ya dace da ƙananan bayanan sitikarki, kayan haɗi da lambar waya, tunda Malam mai buga kati ya ce a sa miƙaƙƙe, kin ga barkono da citta da kanumfari da ƙuli duk za su fito da Hausarsu daidai.

Abu guda da zan ƙara, abin da ake kira rubutun hannu ma ya danganta da inda mutum ya yi karatu. Mu nan haɗaɗɗen rubutu irin na Faransa ake koya ma yara tun farko, a kaye, wato littafin rubutu, mai ƙananan layuka, harafi na riƙe da harafi, l da b da h duk da madauki. 'Yan uwana da ke Kano da Katsina in sun ga wasiƙata cewa suke ta yi kyau amma sai sun natsu kafin su karanta, nasu a rarrabe yake. To ki duba su wa ke sayen yajinki. In mutanen Najeriya ne kuma har da waɗanda karatun bokonsu bai yi zurfi ba, ki ɗauki mai rarrabben harafi, ki bar mai haɗin. Akwai ma wani jerin da ake kira Playwrite a Google Fonts da aka yi bisa yadda ake koyar da rubutu a firamaren ƙasashe daban daban, har da na Najeriya a ciki, ki leƙa ki gani.

Mai_Buga_Kati

Malama Allah ya saka da alheri, maganarki gaskiya ce a aji, ni ma makarantu in sun kawo aikin yara ban taɓa hana su ba. Inda nake tsayawa shi ne shaidar kammala karatu da takardar kuɗin makaranta da wasiƙar iyaye, an sha kawo min da Comic Sans in ce a'a a canza, takardar da mutum zai ajiye shekara ashirin ya nuna a wajen neman aiki ba wajen wasa ba ce. Andika kuma na yarda, ina da shi a kwamfutar shago, Arial na sababbin Windows ma yana da ƙugiyoyin amma in fayil ya je tsohuwar kwamfuta sai a samu matsala, shi ya sa Hajiya ko me aka zaɓa ki ce a mayar da rubutun zane ko a fitar da PDF kafin a kai wajen bugu, in ba haka ba injin can ya canza miki da abin da yake da shi.

Dattijon_Zaure

Assalamu alaikum. Na karanta duka kuma na ƙaru, Allah ya yi muku albarka. Ni ba ma'abocin kwamfuta ba ne sosai, jikokina ke taya ni, amma zancen rubutun hannu ya taɓo inda nake da abin faɗa.

Mu da muka tashi a makarantar allo mun san hannu tun kafin mu san inji. Alƙalamin gamba ake feƙewa a tsaga bakinsa, tawada a dafa ta da ƙaro, kuma kaurin harafi daga yadda aka yanke bakin alƙalamin yake zuwa. Malaminmu ko daga nesa ya hango allo ya san wane almajiri ne ya rubuta. Da aka fara kawo littattafan bugun ƙasashen Larabawa mutanenmu da yawa ba su sake da su ba, saboda mu Warshu muka sani, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, su kuwa nasu ba haka ba ne. Shi ya sa masu buga littattafai a Kano suka daɗe suna ba mai kyan hannu ya rubuta sannan a ɗauki hoton rubutun a buga, har yau in ka shiga Kurmi za ka samu irinsu. Ashe kenan abin da 'yata take nema ba sabo ba ne, mutanenmu sun fi amincewa da abin da suka ga alamar hannu a jikinsa.

Jikana ya nuna min cewa su waɗancan SIL ɗin da Malama ta ambata sun yi wani salon na ajami mai suna Alkalami, an zana shi a kan rubutun Kano, mai kauri ɗin nan namu, da wani kuma Harmattan. Da ya buga min sunana da shi na daɗe ina kallo, ya yi kama ƙwarai, ko da yake mai ido zai gane ba tawada ba ce don ko'ina kaurinsa ɗaya, babu inda alƙalami ya ƙoshi babu inda ya fara bushewa.

Shawarata gare ki 'yata guda biyu ce. Tunda hannu kike so, me zai hana ki rubuta da naki? Kalma biyu ce. Sannan in da wuri a jikin robar ki sa sunan da ajami ko da ƙarami ne a ƙasa, akwai tsofaffi mata da yawa da su ne masu sayen yaji, boko bai dame su ba amma ajami suna gani za su karanta.

Mai_Yajin_Gida

Kai Alhamdulillah, wlh ban zaci zan samu bayani haka ba, na gode ƙwarai Allah ya biya kowa. Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, maganarka ce ta tsaya min a rai, ban taɓa kawo hannuna a lissafi ba sam.

Jiya da daddare bayan yara sun kwanta na samu farar takarda da baƙar maka mai kauri na zauna ina rubuta Ɗanɗanon Gida, na cika shafi huɗu, na farkon duk a takure suke don ina ta ƙoƙarin ya yi kyau, sai wajen na talatin da hannuna ya saki na rubuta yadda nake rubuta sunan kwastoma a leda, shi ne ya fito daidai. Ƙugiyar Ɗ ɗin ta ɗan yi tsawo ta rufo kan a amma ni haka nake yinta tun ina firamare, na bar ta. Yau da safe na ɗauki hotonsa a bakin taga inda haske yake na kai wani shagon daban, mai shagon ya gane abin da Oga ya faɗa tun kafin in gama, ya bi layin ya mayar da shi zane ya goge datti, a gabana ya sauke Andika ya sa kayan haɗin da lambar waya da shi, ƙuli ta fito da ƙ ɗinta. Mun buga shafi ɗaya na manna a roba uku na kai shagon maƙwabcinmu na ajiye a kanta na ja baya kamar yadda aka ce, sunan yana karantuwa har daga bakin ƙofa, amma ranar lalacewar ta yi ƙanƙanta da yawa sai na matso sosai, gobe zan koma a ƙara mata girma a rage hoton barkonon.

Na ajamin ne ban yi ba tukuna, nawa hannun ba shi da kyau a nan, amma malamar islamiyyarmu tana da hannu mai kyau zan roƙe ta ranar Asabar ta rubuta min. Oga tambaya ɗaya ta rage, mai shagon ya ce in zaɓa tsakanin sitikar takarda da ta roba mai sheƙi, ta robar ta fi tsada sosai, to a kayan da ke da maiƙo irin yajin ƙuli ta takardar za ta iya kai wata uku ba ta yi tabo ba, ko in daure in yi ta robar?